Batir da Caji a Waya Ta Hannu: Tambayoyin da Aka Fi Yi a Sakkwato

Wanda ya sayi waya ta hannu, ko tokumbo ce da ta shigo daga Ingila ko Dubai, ko wadda wani ya gaji da ita ya kai kasuwa, caji ne ke fara ba shi ciwon kai. Gilashi ana ganinsa da ido, kyamara ana gwada ta nan take, amma batir ba ya nuna halinsa sai an kai shi gida an kwana da shi. Tambayoyin nan su ne ake ta maimaitawa a shagunan gyara da rumfunan masu caji. A kowace amsa an fara da abin da ba ya cin ko kwabo kafin a kai ga mai tsada, domin sau da yawa batirin da ake zagi ba shi ne mai laifin ba.

Na jona ta da wuta, ko alama ba ta nuna ba. Ta mutu ke nan?

Ba lallai ba ne. Wayar da ta daɗe a ajiye a shago, ko ta yi makonni cikin kwali a hanya, batirinta kan sauka har ya kasa kunna fuskarta. A wannan hali da gangan take jan wuta kaɗan-kaɗan har batirin ya farfaɗo. Ka bar ta a jone minti 30 da cajar da ka tabbatar tana aiki a wata wayar, kuma ka daina cirewa kana mayarwa.

In har yanzu shiru, wataƙila a kunne take, daskarewa ta yi da baƙar fuska. A Samsung ka danne maɓallin kunnawa da na rage sauti tare kamar daƙiƙa 10. A Tecno, Infinix da itel, yawanci danne na kunnawa da daɗewa ya wadatar. A iPhone 8 zuwa sama, ka taɓa na ƙara sauti ka saki, ka taɓa na ragewa ka saki, sannan ka danne na gefe har tambarin Apple ya fito.

Daga nan ka riƙa sauya abu ɗaya-ɗaya: soket, sai kan caja, sai kebul. In ka sauya duka lokaci guda, ko ta tashi ba za ka san wanne ne ya lalace ba. Kebul ne ya fi saurin mutuwa, kuma shi ne mafi araha.

Sai na karkata bakin cajar, ko na tokare ta da wani abu, take ɗauka. Ramin cajin ne ya lalace?

Kafin ka ce ya lalace, haska shi da tocila ka leƙa. Duk wanda ya ga hunturun Sakkwato ya san yadda ƙura ke shiga ko'ina, har cikin kwanon da aka rufe. Waya tana aljihun riga ko cikin jaka, ƙura da zaren yadi suna shiga ramin, kai kuma duk sanda ka cusa kebul kana ƙara danna su can ƙurya. A hankali sai su dunƙule su yi tauri, bakin kebul ya kasa kaiwa ƙarshe. Alamar ita ce kebul ba ya shiga ya yi ƙas, yana lilo, kuma za ka ga ɗan ƙarfensa a waje. Wayar da ta yi shekara biyu ko uku a hannun wani ba ta rasa wannan datti.

Ka kashe wayar. Ka sami tsinken sakace, ka fiƙe bakinsa ya yi siriri, ka riƙa yakuto dattin daga kusurwoyi a hankali, ramin yana kallon ƙasa. A rami irin USB-C da micro USB akwai wani ɗan harshe a ciki, wanda ƙarafan wutar ke jikinsa. Kewaye shi za ka yi, kada ka banƙare shi. Ka bi da busasshen buroshin goge baki. Za ka yi mamakin curin da zai fito. Allura, fil da tsinken ƙarfe ba su da wuri a nan, suna kankare ƙarafan, suna kuma iya haɗa wuta. Hurawa da baki ma damshi take ƙarawa.

In an share kuma sabon kebul yana lilo, to ramin ya buɗe ko dalmarsa ta saki. A wayoyi da yawa, har da akasarin Tecno da Infinix na yanzu, ramin yana kan wani ɗan ƙaramin allo na ƙasa wanda ake cirewa a sa wani, ba tare da an taɓa fanel, wato babban allon da ke ɗauke da kayan cikin wayar, ba. Ka tambayi mai gyara ko taka haka take. Amma ka daina ɗaure kebul da roba don ya tsaya, ƙara buɗe ramin yake yi.

Tana ɗaukar caji, amma sai ta wuni ba ta cika ba.

Ɗauki kan cajar ka karanta ƙananan rubutun da ke jikinsa. Za ka ga abu kamar 5V da 1A, ko 5V da 2A. In ka ninka lambobin biyu, ƙarfin cajar ke nan: na farko wat 5, na biyu wat 10. Batir mai 5000mAh, irin wanda ke cikin yawancin wayoyin da ake saye yanzu, caja mai wat 5 sai ta haura awa huɗu kafin ta cika shi. Mai wat 10 takan yi kusan awa uku. Tsohon ramin USB na kwamfuta kuwa wat 2.5 kawai yake bayarwa, shi ya sa wanda ya jona a nan yana kallon bidiyo zai ga caji na sauka maimakon hawa.

Matsalar waya ta hannu ita ce ba kasafai take zuwa da cajarta ta asali ba. Mai shago zai haɗa maka da wata da ya ciro daga kwali, an rubuta 2A ko ma fiye a jikinta, ka ɗaga ka ji ta shafal kamar ba komai a ciki. Rubutun jabun caja ba abin dogaro ba ne. Haka kebul: mai araha siraran wayoyi ne a cikinsa, wuta tana raunana kafin ta kai, musamman in dogo ne.

Saurin caji kuma sai kan caja da kebul da waya sun fahimci juna. iPhone da Samsung na yanzu suna amfani da tsarin da ake kira PD, wasu wayoyin na Quick Charge, Oppo na da nasa VOOC wanda ke buƙatar kebul ɗinsa. In ba su dace ba, caji zai yi, amma a hankali. Akwai manhaja mai suna Ampere a Android da ke nuna yawan wutar da ke shiga. Ka gwada kebul biyu da ita ka ga bambanci da idonka.

Abu guda da ba matsala ba ne: caji ya yi gudu har kashi 80, sannan ya koma tafiyar hawainiya. Haka aka gina batirin litiyam, don kada ya lalace.

Tana kashi 40 sai ta mutu. In na jona kuma sai ta nuna 25, ko ta yi tsalle zuwa 60.

Wannan kam batir ne. Tsohon batir kamar randa ce da laka ta cika gindinta: ka ga ruwa har baki, ka zura moɗa sau biyu ka tarar da ƙasa. Bayan raguwar abin da yake ɗauka, batirin da ya tsufa ba ya iya ba da wuta mai yawa lokaci guda. Da ka buɗe kyamara ko kira ya shigo, ƙarfinsa ya faɗi, wayar ta ɗauke don kare kanta. Safiyar hunturu mai sanyi ta fi tona asirin irin wannan batir.

Za ka iya barin ta ta ƙare har ta mutu sau ɗaya, ka cika ta zuwa 100 ba tare da katsewa ba. Wannan yana daidaita lissafin da wayar ke yi, lambar ta daina ƙarya. Ba ya dawo da abin da ya tafi. In bayan haka ta ci gaba da ɗaukewa, canji kawai.

Ta yaya zan gane lafiyar batir tun a shago, kafin in biya?

Batirin litiyam yana da adadin zagayen da yake yi. Zagaye ɗaya shi ne a sha kashi 100, ko a zama ɗaya ko rabi yau rabi gobe. Kamfanin Apple ya ce batirin iPhone 14 zuwa ƙasa an yi shi ne ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan zagaye 500, na iPhone 15 kuma bayan 1000. Mai caji kullum zai cinye 500 kafin shekara biyu ta cika. Saboda haka wayar da ta fito shekara uku ko huɗu da suka wuce, in ba a taɓa canza mata batir ba, ka ɗauka ya ci rabonsa, ka sa kuɗin sabo cikin cinikin.

A iPhone ka shiga Settings, sai Battery, sai Battery Health, wanda aka fara sakawa a 2018. A Samsung akwai gwajin batir a cikin manhajar Samsung Members. Wayoyin Android da yawa ba sa nuna komai, kuma manhaja irin AccuBattery sai ta ga caji da yawa kafin ta ba da ƙiyasi, don haka ba za ta taimake ka a tsaye a shago ba.

Gwajin da ya fi komai shi ne na ido. Ka lura da lambar caji, ka ƙure hasken fuska, ka kunna data, ka ɗauki bidiyo na minti 10. Lafiyayyen batir 'yan kashi kaɗan zai sauke. In ka ga lamba tana gangarowa kana kallo, ko bayan wayar ya yi zafin da ba ka son riƙewa, ajiye ta. Ka kuma zo da cajarka, ka jona ka motsa kebul ɗin ka ga ko yana yankewa. Sannan ka duba wayar ta gefe, daidai ido, ko murfin baya ko gilashi ya ɗago.

Mai shago zai ce maka, "Alhaji, wagga waya ba ta da matsala, kwana biyu take ba a sa mata caji ba." Ba sai ka yi musu ba. Ka ce, "To madalla, Malam, rubuta min kwanakin gwaji a rasit." Mai gaskiya ba ya ƙin wannan. Rasit ɗin ya ɗauki lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, wadda ke fitowa in ka danna *#06#, domin ko ba don batir ba, ita ce kariyarka ranar da aka ce wayar ta sata ce.

Tsohuwar iPhone ce amma lafiyar batirinta na nuna kashi 100. In yi murna?

Ka tsaya tukuna. Ko dai an sa mata sabon batir, wanda ba laifi ba ne in an faɗa maka, ko kuma an yi wa lambar dabara. Akwai na'urorin da ake mayar da lissafin batir sifili da su, tsoho ya riƙa nuna 100. Daga iPhone XS da XR zuwa sama, wayar kan ba da sanarwa in ba ta gane batirin ba, kuma a Settings, General, About akan ga tarihin kayan da aka canza. A wurina, wayar da ta shekara uku tana nuna 86 ta fi kwantar da hankali a kan mai nuna 100 ba bayani.

Tana zafi in tana caji, wani lokaci ma ta ce ta dakatar da cajin.

Ɗumi kaɗan ba komai, musamman da caja mai sauri. Amma a garin nan zafi ne babban abin da ke kashe batir, ya fi kwana a caji da duk sauran abubuwan da ake tsoro. Apple ya ce zafin da ya wuce digiri 35 a ma'aunin salshiyos na iya rage ƙarfin batir ragewar da ba ta dawowa. A Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, iskar da ke cikin inuwa ma takan haura 40. Wato tun kafin ka jona wayar ta riga ta wuce iyaka, caji kuma ya ɗora nasa a kai. Shi ya sa batirin da zai yi shekara uku a Jos ba lallai ya kai haka a nan ba.

In waya ta tsayar da caji saboda zafi, ba lalacewa ta yi ba, kare kanta take yi. Abin da ke hannunka shi ne lokaci da wuri. In da hali, ka yi caji da dare ko da asuba. Ka cire rigar roba, domin tana riƙe zafi. Ka ajiye wayar a kan siminti ko tayil, ba kan katifa ba, balle ƙarƙashin matashi. Kada ka bar ta gaban gilashin mota a rana ko da na shiga masallaci ne a fito. 'Yan kabu-kabu da ke maƙala waya a kan mashin tana caji, rana na dukanta tun safe, su suka fi kowa yawan canza batir. Kuma wanda ke kallon TikTok ko ya kunna wa 'yan gida hotsifot alhali waya na jone da tsakar rana, zafi uku ya haɗa mata.

In kuwa tana zafi tana ajiye, ba caji ba aiki, wannan wata magana ce. Duba tambaya ta ƙarshe.

In ta yi zafi, in sa ta a firij?

A'a. In ka fito da ita raɓa za ta taru a cikinta, ka sayi matsalar ruwa a kan ta zafi. Cire caja, cire riga, kashe ta, ajiye ta a inuwa gaban fanka.

Murfin bayan ya ɗago, mai shago ya ce gam ne ya saki. Gaskiya ne?

Zafi kan saki gam, amma yawanci batir ne ya kumbura yana turo murfin. Iska ce ke taruwa a cikinsa idan sinadaran suka lalace. In ƙaramar waya ce mai batirin cirewa, irin BL-5C na Nokia, ka ɗora shi a tebur ka juya shi da yatsa: lafiyayye ba ya juyawa, mai ciki kuwa sai ya yi ta wulwulawa.

Kumburarren batir ba a lallaɓa shi. Kada a sake sa shi caji, kada a danne shi, kada a huda shi da allura wai don iskar ta fita. Ba ya gyaruwa, kuma yana iya kamawa da wuta. Ko sabuwar waya ba ta tsira daga haɗarin batir ba: a 2016 Samsung ya janye Galaxy Note 7 gaba ɗaya daga kasuwa saboda batura na kamawa. In ka ji wari mai kama da na sinadari, ko ka ga hayaƙi, kashe soket, ka tura wayar waje kan ƙasa da wani abu, a nisantar da yara, kada a shaƙi hayaƙin. Tsohon batirin kuma a bar wa mai gyara, kada a jefa shi bola, domin bolarmu ƙona ta ake yi.

Cajin janareto yana ɓata batir? Wajen masu caji fa?

Caja mai kyau tana karɓar wuta daga 100V zuwa 240V, za ka ga an rubuta a jikinta, kuma tana tace ta kafin ta miƙa wa waya. Saboda haka raunin wuta ko janareto mai tafiya daidai ba sa cutar da batir. Haɗarin yana wurin fizgar wuta: lokacin tayar da inji, lokacin da mai ke ƙarewa yana shiƙa, da daidai sanda aka dawo da wuta. Ka jira injin ya daidaita kafin ka jona, ka cire kafin a kashe. Jabun caja ba ta da abin tare wannan fizga, kai tsaye take miƙa ta ga fanel. Da damina ma, in hadari ya taso da tsawa, cirewa ta fi.

Masu caji kuwa sun rufa wa mutane asiri, ba a unguwanni irin Mabera da Gidan Igwai kaɗai ba, har ƙauyukan da ba su san wutar lantarki ba sai sola. Illa biyu ce a wurin. Kebul ɗaya yana shiga wayoyi da yawa a rana, ya buɗe, ya buɗa ramin taka. Sannan rumfar kwano ce, wayoyi jere a kan juna, kowace na fitar da zafi. Ka tafi da kan cajarka da kebul ɗinka, ka roƙi a ajiye maka ita a gefe, ka kuma sa mata makulli kafin ka miƙa.

Fawa bank ɗina an rubuta 10000mAh, wayata 5000 ce, amma ba ya cika ta sau biyu.

Ba zai cika ba, ko na asali ne. Lambar ta batirin da ke cikinsa ce a kan 3.7V, kuma sai an ɗaga wutar zuwa 5V kafin ta fita, wayar ta sake sauke ta. A kowane mataki wani abu na tafiya a zafi. Sau ɗaya da rabi shi ne abin da za ka sa rai. In ko sau ɗaya ba ya kaiwa, ko ya tsufa ko lambar ƙarya ce. Wanda aka rubuta 50000 kuma ka ɗaga ka ji bai fi waya nauyi ba, bar shi a inda ka gan shi.

An ce sabon batir sai ya yi awa takwas a caji, kuma kada a jona sai ya ƙare ƙaf.

Wannan shawara ta zamanin baturan nikel ce, na wayoyin farko. Batirin litiyam ba ya buƙatarta, hasali ma yawan kai shi sifili yana gajiyar da shi. Ya fi jin daɗi tsakanin kashi 20 da 80. Amma mu faɗi gaskiya, wanda bai san sanda za a sake kawo wuta ba ba zai cire waya a 80 ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Ka cika abarka. Abin da za ka kiyaye shi ne kada ta daɗe a 100 cikin zafi.

Kwana a caji ba ya fasa batir, wayar tana yanke wuta da kanta in ta cika. iPhone tun 2019 tana da tsarin da ke jinkirta cikawa bayan 80, Samsung ma na da saitin kare batir. Mai sola ko wanda wuta ke zama a layinsu ya kunna su. In kuma za ka ajiye waya ta daɗe, bar ta a wajen rabi, a kashe.

Ni mace ce, ba na fita da ita ko'ina, WhatsApp kawai nake yi, amma kafin la'asar ta ƙare.

Hajiya, duba sandunan sabis ɗinki. In ɗaya ne ko biyu a cikin ɗaki, wayar tana ƙara ƙarfi ne tana neman eriya, kuma wannan yana shan batir ko ba ki taɓa ta ba. Layi biyu, nema biyu. Mutanen da ke wajen gari, ko masu tafiya hanyar Illela ko Goronyo inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, sun san wannan. In akwai layin da ba kya amfani da shi, kashe shi a saiti, kuma in wayar mai 5G ce alhali babu shi a unguwarku, mayar da ita 4G.

Ki shiga saitin batir ki ga wace manhaja ce a sama. Ki rage hasken fuska, shi ne ya fi komai ci. Ki hana WhatsApp sauke bidiyon guruf da kansa, musamman in kina cikin na biki da na 'yan uwa masu turo abu dare da rana. Manhajojin da ke cewa suna sanyaya waya ko ƙara ƙarfin batir ki goge su, talla kawai suke loda miki.

Akwai gwaji mai sauƙi. Ki cika ta da dare, ki sa ta a yanayin jirgin sama, ki duba da asuba. In kashi kaɗan ta sauke, batirin da sauransa, matsalar sabis ce ko manhaja. In ta zubar da kashi 20 ko 30 ba ta yi komai ba, a kai ta wurin gyara. Wayar da aka saya ba a goge kayan mai ita na farko ba kuwa, a kwashe hotuna da lambobi a mayar da ita saitin kamfani.

Ta ce akwai ruwa a ramin caji, ta ƙi ɗauka. In binne ta cikin shinkafa?

Samsung da iPhone na zamani suna da wannan gargaɗi, kuma gumin aljihu kaɗai kan tayar da shi, ko datti mai damshi. Ka girgiza ta a hankali ramin na ƙasa, ka ajiye inda iska ke kaɗawa na 'yan awanni. Shinkafa ba ta fi iska busarwa ba, Apple ma ya hana, don gutsattsarinta na shiga rami. In cikin ruwa ta faɗa sosai, kashe ta, kada ka jona, ka kai ta a buɗe a wanke fanel ɗin a ranar. Caji a kan jiƙaƙƙen fanel shi ke ƙarasa shi.

In tana caji sai fuskar ta riƙa danna kanta.

Kan caja ne. Canza shi yau, kada ka jira ya taɓa wani abu.

Zan canza batir. Me zan kiyaye?

Kowane batir yana da lambarsa a jiki, kuma ita ake bi, ba kama ba. A kasuwa akwai daraja-daraja: na kamfani, mai bi masa, da wanda aka ciro daga matacciyar waya aka sake wa riga. Ka ce a nuna maka kafin a sa, ka duba ranar da aka yi shi in an rubuta, domin batir yana tsufa ko a cikin leda yake. Wanda aka rubuta masa ƙarfin da ya ninka na asali alhali girmansu ɗaya, ƙarya ce. Masu Tecno, Infinix da itel, duka ukun na kamfanin Transsion ne, kuma Carlcare ne sashensu na gyara.

Ka kwashe muhimman abubuwanka kafin ka miƙa wayar, ka cire layi da memori. Ka tsaya a yi a gabanka in zai yiwu, a nuna maka tsohon da aka cire, a rubuta maka garanti ko na 'yan makonni ne. Batirin ciki da gam aka manna shi, kuma banƙaro shi da sukundireba a gida yana iya huda shi ya tashi da wuta a hannunka. Bayan an buɗe waya kuma, ka manta da zancen ba ta shan ruwa.

Na canza batir, na canza caja, an gyara rami, har yanzu tana zuba.

To an kai ga fanel. Ko dai aisi, wato ɗan ƙaramin abin da ke manne a fanel yana kula da caji, ya taɓu, ko wani ɗan ƙaramin abu ya haɗe yana shan wuta ko da wayar a kashe take. Irin wannan wayar ce ke ɗumi a aljihu ba dalili, kuma tsohon shan ruwa ko jabun caja ne suka fi jawo shi. Injiniyan da ya san aikinsa zai cire batir ya jona fanel ɗin da injin ba da wuta mai mita, ya ga ko yana ja alhali ba a kunna ba, sannan ya nemo wurin da ke zafi. In ka ga ya ɗauki injin hura zafi zai gasa fanel bai auna komai ba, karɓi wayarka. Filashin ma, wato sake loda wa waya manhajarta, ba ya maganin wannan, sai dai ya share maka kaya.

Kafin a fara, ka tambayi kuɗin aikin gaba ɗaya, ka haɗa da abin da ka riga ka kashe, ka gwada da farashin irinta a kasuwa yau. In gyaran ya doshi rabin kuɗinta, musamman ƙaramar waya, gara ka sayar da ita ga masu ciro kaya, ka faɗa musu ainihin ciwonta, ka cika ka sayi wata.